Rangwamen Haraji da Kuɗin Dakon Jirgi: Abin da Zariya Ta Gani a Zamanin Turawa

 Wannan sharhi yana zuwa muku ne daga nan Tukur-Tukur, a gefen birnin Zazzau.

Yau zancen jirgin ƙasa za mu yi, amma jirgin kaya. Za mu duba kuɗin dako, wato abin da hukumar reluwe ke karɓa a kan kowane tan na kaya daga wannan tasha zuwa waccan, da yadda lissafin da akawuna ke yi a hedkwatar reluwe da ke Ebute Metta a Ikko ya shafi irin masana'antar da Arewa ta samu da wadda ta rasa a zamanin Turawa. Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne, duk sanda gwamnati ta ce za ta farfaɗo da masana'antu, abu na farko da za ka ji shi ne za a yafe wa kamfanoni haraji na wasu shekaru. Wannan magani tsoho ne. Turawan mulki ne suka fara rubuta shi a dokar ƙasar nan a 1952, kuma Zariya na cikin garuruwan da za su iya ba da shaida kan inda ya yi aiki da inda ya gaza.

Kafin a shimfiɗa dogo, audugar ƙasar Zazzau tana da masu ita. Mata ke gurje ta a gida, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, a kai marina, a buga a mabuga, fatake su ɗaure kaya. Audugar da ta yi saura kuma a ɗora wa jakuna sai Kano. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da cewa sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Saboda haka Turawa ba su tarar da mu hannu rabbana ba. Masana'anta suka tarar, mai ma'aikata dubbai, sai dai a zaure da tsakar gida take.

Gwamna Lugga ya san da haka sarai. A rahotonsa na shekarar 1904 ya nuna cewa yana hango ranar da kayan Turai za su maye gurbin na Kano, audugar Zariya kuma ta daina tafiya wurin masaƙan Kano. Mutumin bai ɓoye komai ba. Masaƙun Lankasha a Ingila sun gaji da dogara ga audugar Amurka, shi ya sa a 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchesta, wadda mutanenmu suka riƙa kira Bisije, kuma ita ce kan gaba wajen matsa wa gwamnatin Landan lamba a kawo dogo Arewa. An fara aikin daga Baro a bakin kogin Kwara a 1907, ƙarƙashin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan reluwe ne. Talakawa suka haƙa ƙasa suka ɗauki kwando, da yawansu aikin tilas ne ta hannun hakimai da dagatai. Dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da layin Ikko suka zama hukuma guda.

Zariya ta zama mararraba. Ƙaramin layin da ake kira na Bauchi ya tashi daga nan ya kai Bukuru a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Wani ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, ƙasar auduga da gyaɗa. Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru. Mai sauraro, in ka sami taswirar reluwe ta wancan zamani ka bi kowane layi da yatsa, za ka ga wutsiyarsa na wurin da ake tono ko noma wani abu, kansa kuma na bakin teku, ko Ikko ko Fatakwal. Ba a ja layi daga Kano zuwa Katsina ba, ba a ja zuwa Sakkwato ba, alhali nan ne tsofaffin hanyoyin fatauci suke.

To, yaya ake yanka kuɗin dakon? Reluwe ba ta cajin kaya da nauyi kaɗai. Kasa su take yi aji-aji. Kaya mai nauyi mara tsada, irin su kwal da ɗanyen amfanin gona, yana ajin ƙasa. Kaya mai daraja, irin su yadi da kayan kanti, yana ajin sama, don an san zai iya ɗaukar cajin. Sannan kuɗin kowace mil yana raguwa gwargwadon nisan tafiya. A takarda wannan tsari ba shi da aibu, haka ake yi a ƙasashe da yawa. Amma ka dube shi daga Zariya. Tsari ne da ke saka wa mai ɗaukar ɗanyen kaya ya yi doguwar tafiya da shi zuwa teku. Wanda ya tsayar da kayan a nan ya sarrafa, ya ƙara musu daraja, shi ya tura kansa ajin sama da hannunsa.

Ga kuma bashi. Da rance aka gina mafi yawan layukan, kuma ƙa'idar Landan ita ce kowace ƙasar mallaka ta ci da kanta. Kuɗin ruwan wannan rance daga aljihun Nijeriya yake fita, reluwe kuwa babbar hanyar samunta ita ce gyaɗar Arewa. Farashin gyaɗa a tashar jirgi ake faɗarsa, bayan an cire dakon mil wajen 700 daga Kano zuwa Ikko, wanda ke ƙauye mai nisa da tasha kuma a sake zabge masa na jaki ko raƙumi ko mota. Manomin da bai taɓa hawa jirgi ba shi ke biyan bashin dogo, a kan sikeli.

Akwai masana'anta guda da Turawa ba su yi jinkirin kafawa ba, ita ce ta gurzar auduga. Dogo na isowa Bisije ta kafa injinta a Zariya, daga baya aka yi a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da sauransu. Duk wanda ya taɓa zuwa fuloti da kaka ya san yadda abin yake. Manomi ya iso da sassafe da buhunan auduga a kan jaki, a zazzage, malamin duba ya cusa hannu ya yamutsa ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa sulalla. Daga nan sai gidan gurza. Inji ya raba angurya gefe, farar auduga gefe, a danne ta da matsi har ta zama dila mai tauri, a naɗe da algarara, a ɗaure da ƙarfe, 'yan dako su mirgina ta cikin tarago. Me ya sa wannan aikin kaɗai aka yarda a yi a nan? Domin in ka auna audugar da aka tsinko daga gona, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai auduga, sauran angurya ce. Ba mai hankalin da zai biya dakon angurya zuwa Manchesta. Iyakar sarrafawar da aka bari a Arewa ita ce wadda ke rage wa Bature kuɗin jirgi. Haka gyaɗa, mata suka ɓare ta a turmi kafin a auna. Haka kiraga da fatu, a shanya su bushe a ɗaure, jima kuwa sai can Turai. Kuza ma haka, duk da cewa mutanen Ririwai sun iya narkar da ita tun kafin zuwan Turawa, sai farkon shekarun 1960 aka sami injin narkarwa na zamani a Makeri kusa da Jos.

A nan sai mu yi wa tarihi adalci, don labarin bai tafi yadda Lugga ya tsara ba. Masaƙanmu ba su mutu da zuwan jirgi ba. Shekara da shekaru suna taya auduga da farashin da ya fi na Bisije, har ta riƙa kukan ba ta samun abin da ta zo nema. Manoman Kano kuma, da suka auna riba, sai suka rungumi gyaɗa tun daga kakar 1912, irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu saye. Sai da gwamnati ta sa hannu, aka raba irin auduga na Amurka da ake kira Allen, aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, aka tsara kasuwannin da za a sayar da audugar fitarwa. Shi kansa nisan ya taimaki masaƙinmu, domin akoko da alawayyon Manchesta sai sun biya dakon ajin sama kafin su iso kantin Sabon Gari. Wato nisa daga teku katanga ce ga mai ƙaramar sana'a da ke sayen kayan aikinsa a kasuwar ƙauye. Ga mai son kafa babban inji kuwa, wannan nisan kaya ne a wuyansa.

Mu lissafa masa. Injin zai sauka a Apapa, ya biya dakon mil 600 da ɗoriya zuwa Zariya. Kowane ƙarfe ya karye, daga Ingila za a aiko da madadinsa, ta wannan hanya. Wutar da zai yi aiki da ita, kwal ne daga Inugu, shi ma a tarago. Sinadarin rini, a tarago. In ya gama saƙa yana son kasuwar Kudu, ya sake biyan dako a matsayin kaya mai daraja. Abokin takararsa na Lankasha kuwa a jirgin ruwa yake aiko da nasa, wanda ya fi kowace hanya araha, kuma manyan kamfanonin da ke shigo da yadin, irin su UAC da aka kafa a 1929 da John Holt, su ne dai masu sayen gyaɗa da fatu, su ne masu kantuna. Wa zai tsaya gaban gwamna ya roƙa wa masaƙar Zariya rangwame, alhali duk masu shiga ofishinsa cinikinsu ya dogara ga rashinta?

Kada wani ya ce gwamnatin mulkin mallaka ba ta san kare masana'anta ba. Ta sani. A 1934, da yadin Japan mai araha ya fara cika kasuwanninmu, nan da nan aka ƙayyade yawan wanda za a shigo da shi. Kariya ce sosai, amma masaƙun Lankasha aka yi wa, talakan Nijeriya ya biya tsadar. A Indiya ma, a 1896 an ɗora wa yadin masaƙun ƙasar harajin kashi 3 da rabi cikin ɗari don kada ya fi na Ingila araha, ba a soke shi ba sai 1926.

Shaida mafi kusa kuwa tana nan inda muke. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, da kuɗin hukuma, aka gina maɗaba'a da gidajen ma'aikata. Nan aka ci gaba da buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Rupert East na jagorancin aikin, Malam Abubakar Imam na edita. A 1948 aka ƙara da jaridar Turanci ta Nigerian Citizen. Injin ɗab'i da takarda da tawada da dalmar haruffa, ba ko ɗaya da ake yi a Zazzau, duka ta Ikko suka shigo suka hau jirgi. Amma ba wanda ya ce nisa ya yi yawa, domin gwamnati na bukatar jarida da littattafan makaranta da takardun En'e. Samarin Arewa da dama a nan suka koyi jera haruffa da ɗaurin littafi da gyaran inji, kuma ba ƙaramin alheri aka samu ba. Abin da nake so mai sauraro ya lura da shi kawai, ranar da hukuma ta so abu, ta nemo kuɗinsa har da na dakonsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iska ta canza. Ingila ta fito da bashi a ka, 'yan kishin ƙasa sun matsa, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu sun nuna a yajin aikin 1945 cewa suna iya tsayar da ƙasar cik. A 1946 aka buɗe sashen ciniki da masana'antu. A 1952 aka yi dokar taimaka wa masana'antu 'yan share fage, wadda ta yafe musu harajin riba na 'yan shekaru. A 1957 aka yi ta rangwamen kuɗin kwastan a kan kayan aikin da masana'anta ke shigowa da su. A 1958 aka sabunta dokar yafe harajin, aka ce ana iya kaiwa shekara 5 gwargwadon jarin da aka zuba, aka kuma yi wata ta hana jibge kayan waje da farashin karya kasuwa.

Duk wannan ya yi kyau a takarda. Amma harajin riba, wanda ya ci riba ake yafe wa. Kamfanin da kuɗin dako da na wuta suka cinye shi tun kafin ƙarshen shekara, in ka ce ka yafe masa harajin riba kamar ka yafe wa mai azumi kuɗin abincin rana ne. Rangwamen kwastan kuma a bakin teku yake ƙarewa. Mai masana'anta a Apapa ko Ikeja ya ɗebi kayansa ya shiga gida, na Zariya kuwa yanzu tafiyarsa ta fara. Sannan dokar kamfani mai rajista da babban jari take nufi, ba ta san da masaƙin Zazzau ko majemin Kano ko maƙerin Tudun Wada ba. Ba abin mamaki ba ne da mafi yawan sababbin masana'antun suka taru a Ikko da kewayenta da Fatakwal.

To, waɗanda suka zo Arewa fa, me ya kawo su? Masaƙar Kaduna, KTL, ta fara aiki a 1957. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta nemo kamfanin David Whitehead na Lankasha, aka haɗa jari da Hukumar Sayen Amfanin Gona da hukumar raya Arewa. Kuɗin hukumar sayen amfanin gona kuwa rarar da aka tsakure daga farashin gyaɗa da audugar manomi ne. Kenan manomin da ya biya bashin dogo shi ya sake biyan kuɗin masaƙa. Ta yi nasara don auduga na kusa, masu sayen akoko na kusa, ga kariyar kwastan. A nan Zariya kuma kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'antarsa a 1959. Ganyen ana noma shi a ƙauyukan da ke kewaye da mu, sigari kuma kaya ne mara nauyi mai tsada, dako ba ya yi masa komai. Masu matsar man gyaɗa a Kano, sana'ar da Kwarori suka fara tun shekarun 1940, su kullum rigimarsu ɗaya ce, dole su sayi gyaɗa daga hannun hukuma a farashin da ta yanka. A duk waɗannan, abin da ya yanke hukunci shi ne nauyin kaya da nisan tafiya da wanda ke riƙe da alƙalamin farashi. Yafe haraji ƙari ne kawai aka samu a kai.

Dalar gyaɗar Kano ma da muke alfahari da ita, har muna sa hotonta a bango, ya kamata mu tuna dalilin tara ta. Bayan yaƙi reluwe ta yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, gyaɗa ta fi ƙarfin kwasa, sai aka riƙa jera buhuna ana rufewa da tamfol, ta wata kakar ta tarar da ta wata. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, da ba su da dogo ko taku ɗaya, su ma gyaɗarsu ta Nijeriya take bi, har Faransa ta shirya karkatar da ita ta Paraku zuwa Kwatano a shekarun 1950, tana cike gibin kuɗin dakon. Faransa ta gane cewa duk wanda ya riƙe dako ya riƙe ciniki.

Mun karɓi mulki a 1960, muka gaji hukumar reluwe da aka mayar kamfanin gwamnati a 1955, muka gaji dokar yafe haraji muka sake mata riga a 1971. Dogo ya lalace a hannunmu, kaya suka koma kan tirela da tanka. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Dalilan suna da yawa, akwai wuta, akwai fasa-ƙwauri, akwai sakaci, ba za a ɗora wa Bature wannan ba. Amma ka tambayi duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kwantena daga Apapa zuwa Kano, zai gaya maka sau da yawa kuɗin motar ya fi abin da aka biya jirgin ruwa daga Sin.

Yanzu ga sabon dogo. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, ana aikin na Kaduna zuwa Kano wanda zai bi ta ƙasar Zazzau, an kuma ɗora harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. An buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a 2018. Duk hirar da ake yi a kai ta kujera ce da tikiti da sanyin tarago. Ban ji ana tambayar nawa tan ɗin masara zai biya ba, nawa kuma na garin masara, nawa dilar auduga, nawa bandir ɗin yadi. In aka bar jadawalin ya sake fifita ɗanyen kaya mai gangarawa teku a kan wanda aka sarrafa a nan, to sabon ƙarfe ne aka shimfiɗa a kan tsarin 1912.

Saboda haka kiranmu ga 'yan majalisarmu na tarayya daga Zazzau da Kano da Katsina, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu, da malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello: ku nemi hukumar reluwe ta fito da jadawalin kuɗin dakon kaya a fili, tun kafin jirgin farko ya tsaya a tashar Zariya. Ku nemi a sassauta wa injuna da kayan gyara masu hawowa Arewa, a sassauta wa kayan da aka sarrafa a nan masu gangarawa Kudu, a kuma ja ƙananan layuka zuwa cikin unguwannin masana'antu. Ku kuma masu sauraro, in ɗan takara ya zo muku da alkawarin masana'anta, ku tambaye shi ta wace hanya kayanta za su fita, kuma nawa ne dakon.